Hanyar Sabon Birni zuwa Isa jerin ɗigo ce

Hanyar da kake gani a taswirar wayarka jerin ɗigo ce, kowane ɗigo da lambobi biyu, manhaja ta haɗa su da layi. In jerin ya rikice, sai hanya ta faɗa gulbin Rima.

A ganina, daga nan ya kamata mai koyon shirya manhaja ya fara. p5.js kyauta ce, kuma tana aiki a burawuzar waya. Ka ƙirƙiri ɗigo biyu da createVector, ka ɗebe ɗaya daga ɗaya, sai ka samu nisa da alƙibla.

Wanda ya gane wannan zai iya saka ƙauyensu a OpenStreetMap, har da kufan Alkalawa da ta faɗi a 1808. Ƙauyen da babu shi a taswira, masu rigakafi na iya tsallake shi.