Fatar da ke gaggawa, da mu da muke gudun mai ita

Sanyi ya shigo, fata na bushewa, kuma lokacin ne masu cutar soriyasis suka fi shan wuya. Kun san su: tabo mai kauri a gwiwar hannu, a gwiwar ƙafa ko a kai, yana zubar da ɓawo fari kamar dusa. A baƙar fatarmu tabon yakan yi duhu ko ruwan toka, shi ya sa ake rikita shi da makero, wasu ma su ce kuturta.

To mu faɗa wa juna gaskiya. Mun hana su hannu a masallaci, mun ware musu kwano, mun fasa aure saboda su, mun ce jifa ne. Wallahi mun zalunce su. Soriyasis ba a ɗaukar ta, ko da kun kwana shimfiɗa ɗaya. Tun 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince cewa cuta ce mai tsanani da ba ta yaɗuwa, kuma kowace 29 ga Oktoba ake tunawa da ita.

Ga abin da ke faruwa a jiki. Fatar mai lafiya takan sabunta kanta cikin kusan wata guda. A soriyasis, garkuwar jiki ce ke ingiza ƙwayoyin fata su hayayyafa cikin ƴan kwanaki, sai su taru tun ba su nuna ba. Kowace ƙwaya tana da kundin gado, wato DNA, da ɗan aike mai suna RNA da ke kai umarni wurin aiki. Masu bincike sun gano ana buga wa wannan saƙo ƙaramin hatimi, m6A, wanda ke shafar daɗewar saƙon da yadda za a yi aiki da shi. An san hatimin tun 1974, a 2011 aka gano ana iya goge shi. Yanzu an ga tsarinsa ya sha bamban a fatar masu soriyasis. Binciken bai kai ga magani a kanti ba tukuna.

Sai kuma masu tallar magani a kasuwa da tasha. Man da suke sayarwa, sau da yawa mai ƙarfi ne irin kulobetasol, wanda lokotoro kaɗai ya kamata ya rubuta. Tabon zai kwanta mako biyu, mai shi ya yi murna. Da ya daina, ciwon ya dawo ya fi da, fata ta yi siriri. Kuɗin tattasai da na banda sun tafi a banza.

Mahukuntan lafiya, da ku muke. Daga Diffa zuwa Yamai ya haura kilomita 1,300. Manomin bakin Komadugu da rikici ya raba da gonarsa ina zai samo kuɗin mota don ganin likitan fata? A horar da ma'aikatan asibitocinmu su gane cutar, a riƙa turo ƙwararre lokaci-lokaci, a sa ido kan man kasuwa.

Mu kuma, gobe in mun haɗu da mai tabon nan, mu miƙa masa hannu, mu ci kwano ɗaya da shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.