Turkana na buƙatar ruwa da asibiti kusa da makiyayi

Ra'ayinmu shi ne, kada gwamnatin Kenya ta auna buƙatun gundumar Turkana da yawan jama'a kawai, ta riƙa duba nisan da ke tsakaninsu. Ƙidayar 2019 ta nuna mutum 926,976 ne ke zaune a faɗin ƙasa mai kusan murabba'in kilomita 68,000, wato kimanin mutum 14 a kowane murabba'in kilomita. Galibinsu makiyaya ne da ke bin ruwa da ciyawa, don haka asibitin da ke Lodwar, hedkwatar gundumar, ba shi da amfani ga mai naƙuda a kan iyakar Sudan ta Kudu. Tafkin Turkana kuwa ruwansa na da kanwa, ga kuma sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma, wanda tun 1992 yake raba ɗan ruwan da ake da shi da mutanen gari.

Man fetur da aka gano a gundumar a 2012 bai kashe wa kowa ƙishi ba. Ya kamata gwamnatin gunduma ta fara da rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana a kan burtali, da motocin asibiti masu zagaya mashekarai, da makarantun kwana ga 'ya'yan makiyaya, kuma Nairobi ta riƙa sakin kason gundumar a kan lokaci.