Kira ga kwamishinonin lafiya: a kai maganin gudawa ƙauye kafin damina

Kukan iyaye mata na karkara na kawo gabanku, a kan gudawar yara.

A ƙauyenmu idan yaro ya fara zawo, sai kakarsa ta ce haƙori ne, zai wuce. Wata uwar ma har rage masa nono take yi, wai don cikin ya huta. Kwana biyu sai ka ga idanu sun zurma, maɗiga ta faɗa, fitsari ya ɗauke, yana kuka ba hawaye. A lokacin ne ake rugawa kemis a sayo Flagyl ko kafso, alhali ƙarewar ruwan jiki ce ke kashe yaron, kuma yawancin zawon yara ba ya buƙatar waɗannan magunguna. Ban ga laifin matan nan ba. Ba wanda ya zaunar da su ya yi musu bayani.

Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar haɗa ruwan gishiri da sukari, wato ORS, da ƙwayar zinc. Ana jiƙa ƙunshi ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsafta a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan, ya sha zinc kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba shi nono da abinci. Maganin ba tsada, amma na taɓa raka maƙwabciyata ɗakin shan magani aka ce ya ƙare.

Muna roƙo a wadata kowane ɗakin shan magani da ORS da zinc kafin ruwan sama ya fara wanko ƙazanta cikin rijiyoyi. A koya wa unguwarzoma da masu kemis alamomin da ke nuna a garzaya asibiti: jini a kashi, amai ba tsayawa, yaro ya kasa sha. A kuma sa limamai da gidajen rediyo su sanar cewa tun 2022 Najeriya ta saka rigakafin rota cikin rigakafin jarirai, kyauta.

Ba mu manta 2021 ba, shekarar da amai da gudawa ta kashe mutum fiye da 3,000 a ƙasar nan, mafi yawansu a Arewa. Don Allah, ranku ya daɗe, a fitar da kuɗin sayen maganin tun yanzu da rani.