A Daina Cinikin Biri a Sama a Kan Jitar Bes ta Hannu

Yau maganarmu a kan wani kaya ce wanda ba ya cikin jerin farashin da muka saba bugawa, amma kuwa ya shiga hannun da yawa daga cikinmu, musamman masu rumfar rediyo da sifika da amfilifaya a Sabon Garin Kano, da Kaduna, da Jos, da Maraɗi, da Yamai. Kayan nan shi ne jitar bes, watau jita mai dogon wuya da tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ke ba da amon ƙasa a cikin kiɗa, kamar yadda babbar ganga ke riƙe ƙanana. Ra'ayinmu a kanta gajere ne. Kada dillali ya sallama bes ta hannu sai an sa mata wuta an kaɗa ta a gaban mai saye, an faɗi aibinta, an rubuta lambarta a rasit.

Dalilin da ya sa maganar ta taso kowa ya san shi. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, kafin a ce kwabo, a watan Fabrairu na 2024 ta haura 1,500. Sabuwar bes da tsirkiyarta da amfilifayarta kuwa duk daga waje ake shigo da su. Saboda haka masu saye suka juya ga ta hannu, wadda ke zuwa cikin kwantena ta Ikko da Kwatano, ta bi ta kasuwar Alaba ta hauro Arewa. Masu sayen kuwa ba kaɗan ba ne. Akwai makaɗan coci-coci, da 'yan badujalar soja da 'yan sanda, da masu kiɗa a otal, da masu sutudiyo. A Nijar ga makaɗan jita na Agadas waɗanda bikin aure shi ne gonarsu, irin su ƙungiyar Etran de l'Aïr da ta fara tun 1995. Gaskiya ne tun ƙarshen shekarun 1990 fiyano ya cinye yawancin aikin kiɗan waƙoƙin fina-finan Hausa, amma duk inda za a yi kiɗan jita a fili gaban jama'a, sai da mai bes.

To, abu na farko da ke rikita dillali shi ne sunan da ke kan jita. Leo Fender na Kalifoniya a Amurka shi ya fitar da samfurin Precision a 1951, ya biyo da Jazz a 1960, tun daga nan kuwa masana'antu a ko'ina suke kwaikwayon siffarsu. Shi kansa kamfanin Fender ba wuri ɗaya yake ƙira ba. Akwai ta Amurka, akwai ta Meziko, akwai ta Japan, ga kuma Squier, ƙanwarta mai araha, wadda aka fara a Japan a 1982, daga baya aka riƙa yin ta a Koriya da Sin da Indunusiya. Siffa ɗaya ce, amma kuɗinsu ya yi nisa da juna kamar shadda da atamfa. Lambar da ke jikinta tana nuna asali. Wadda ta fara da MN ƙirar Meziko ce ta shekarun 1990, MZ ta shekarun 2000, MX kuwa daga 2010. Ta Amurka daga 2010 tana farawa da US. In ka ga an rubuta ƙirar Amurka alhali lambar ta fara da MX, to, ka san da magana.

Babu abin kunya a sayar da Squier da sunanta, ko Yamaha, ko Ibanez, ko ma wadda ba ta da suna. Kaya ne masu aiki, kuma da su yawancin makaɗa ke cin abinci. Abin kunya shi ne a kankare sunan asali a manna na Fender, a fesa fenti a kai, a ce wa mai saye ga 'yar Amurka. Wannan algus ne, daidai da zuba yashi a buhun gero. Gane shi kuwa ba wuya. A sassauta tsirkiya, a kwance kusoshin da suka riƙe wuya, a duba gindinsa da ramin da yake zaune, a nan ake samun hatimin masana'anta ko kwanan wata. A nan ne kuma za a ga ko jikin katako ne sosai, ko filawud ne da aka jera falle-falle aka rufe da fenti.

Abu na biyu, wanda ya fi suna muhimmanci, shi ne wuya. Mu 'yan kasuwa idonmu ya saba zuwa kan fenti da ƙyalli, makaɗi kuwa wuya yake fara dubawa, don a nan kuɗin jita yake. Tsawon tsirkiyar bes daga sama zuwa gada inci 34 ne a yawancinsu, kuma in an ɗaure huɗun nan suna jan wuya da nauyin da ya kai kilo 70 zuwa 80, dare da rana. Abin da ke hana shi lanƙwashewa wata sandar ƙarfe ce da aka binne a cikinsa, wadda ake ɗaurewa ko a sassauta da alanki. In sandar nan tana juyawa, wuyan da ya ɗan rusuna gyaransa aikin minti goma ne. In ta karye ko bakinta ya cinye, gyaran yakan kusa cin kuɗin jitar. In kuwa wuyan murɗewa ya yi kamar igiya, babu magani sai sabon wuya.

Ga yadda ake gwadawa. A danne tsirkiya a ƙarfe na farko da kuma na ƙarshe, a duba tsakiya. Ya kamata a ga ɗan rata kamar kaurin katin waya. In yatsa na neman shiga, wuya ya rusuna. In babu rata ko kaɗan, ya gantsare, kuma tsirkiya za ta riƙa dukan ƙarfe tana ƙara. Sa'an nan a ɗaga jitar a hango ta daga kai zuwa gindi kamar mai duba miƙewar azara, a ga ko gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi. Mai juya sandar kuma kada ya wuce rubu'in zagaye a lokaci ɗaya, in ta ƙi kada ya tilasta mata, don a nan ake karya ta.

Mu na Arewa muna da wata matsala da na bakin teku ba su da ita. Jitar da ta sha raɓar Ikko, in ta hauro ta tarar da hunturu, katakon yakan bushe ya tsuke, bakin ƙarafan wuya su fito suna yankar hannu, wuyan kansa ya motsa. Saboda haka wanda ya saro kaya da damina kada ya rantse a kan lafiyarsu da hunturu sai ya sake dubawa. Kada kuma a rataye bes a ƙofar rumfa cikin rana don jawo mai saye. Tallan yini ɗaya ne zai jawo hasarar wuya.

Abu na uku shi ne wuta. A sa waya a amfilifaya, a juya kowane maɓalli daga farko har ƙarshe a saurara. Ƙarar ƙasa-ƙasa in ana juyawa yawanci ƙura ce, ba ta da tsada. A girgiza wayar a bakin soket, in sauti na yankewa, liƙi da dalma ne ya saki. A taɓa kowane fikof, watau maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya, da bakin sukurdireba, mai rai zai amsa da ƙara, matacce zai yi shiru. Ku lura kuma, gwajin nan ba mai saye kaɗai yake yi wa amfani ba. Tun da Music Man ya fitar da StingRay a 1976, akwai bes da yawa masu batir mai ƙarfin bolt 9 a bayansu, wanda ke ƙarewa in an bar waya a soke. Sau nawa ake karyar da lafiyayyar jita a kuɗin matacciya, alhali batir kawai take so? Dillalin da bai gwada ba, wata rana shi zai cuci mai saye, wata rana kuma ya cuci mai kayan da ya ba shi amana.

Amfilifaya ita ma a duba bayanta kafin a sa mata wuta. Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Japan 100, tamu a Nijeriya da Nijar 220 zuwa 230. Wadda aka yi don Amurka, in ba ta da maɓallin sauyawa, sai da taransifoma mai rage wuta, in ba haka ba hayaƙi za a gani. A gaya wa mai saye tun a rumfa. A gaya masa kuma kada ya kaɗa bes da ƙarfi a ƙaramar sifikar jita, don amon ƙasa yakan yaga ta, kuma in ya haɗa sifika biyu masu om 8 a jere gefe da gefe sun zama om 4, sai ya tabbata amfilifayar tana ɗauka. Tsohuwar tsirkiya dai ba aibi ba ce in ba ta yi tsatsa ba. James Jamerson, mai bes na kamfanin Motown, an san shi da barin tasa shekara da shekaru. Amma wasu kan dafa tsohuwa a ruwan zafi ta yi sauti kamar sabuwa na 'yan kwanaki. Wanda ya yi haka ya faɗa, kada ya sa kuɗin sabuwa.

Mun san abin da wasu 'yan'uwa za su ce. Za su ce, ai mu ma ba gwaji muka saro daga kwantena, mai kyau da matacce kuɗi ɗaya, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta kai ba. Mai sarin kwantena ya karɓi ragi saboda kasadar da ya ɗauka, ribar masu kyau ta rufe masa matattu. Makaɗin da ya tara kuɗin wata shida ya sayi guda ɗaya, me zai rufe masa? Wanda ya sayi rariya kuma ai da sunan rariya ya saya. In kana son sayar da ba gwaji, sayar, amma ka kira ta da sunanta, ka sa mata kuɗin ba gwaji. Abin da muke ƙi shi ne a sa kuɗin lafiyayya, in ta mutu a ce ƙaddara ce.

Ku tuna kuma mai bes ya riga ya karɓi kafin alƙalami na bikin Asabar. In jita ta ɗauke ana tsakiyar rawa, mai biki ba zai biya cikon kuɗi ba, shugaban makaɗa zai nemi wani, sunan yaro ya ɓaci a gari. Ranar Litinin kuwa ba masana'antar Indunusiya zai nufa ba, rumfarka zai zo, don zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Makaɗa jama'a ce ƙarama masu sanin juna. Ka cuci ɗaya, ka rasa goma, har da cinikin sifika da waya da makirfo da za su yi a wurinka.

Sai maganar kayan sata, wadda ita ta sa muka nace a kan rubuta lamba. Bes ɗin Höfner da Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ya saya a Hambag ta Jamus a 1961, an sace ta daga cikin mota a Landan a 1972, ta bi hannu-hannu, ba ta koma wurin mai ita ba sai da aka ba da sanarwa a Fabrairun 2024, bayan shekara fiye da 50. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Yau kuwa da kowa ke da hoton jitarsa a waya, ba sai an jira shekara 50 ba. In yaro ya kawo maka bes da dare, babu jaka, babu rasit, bai san ma sunan tsirkiyarta ba, kuma da ka taya ya ce ya sallama, to, ka ce masa Allah ya kawo wani. Wadda aka goge lambarta kuma kada ta kwana a rumfarka.

Masu ba da hayar kayan kiɗa su ma maganar ta shafe su. A gwada kaya gaban mai haya kafin su fita, a sake gwadawa in sun dawo, a yanke tun farko wa ke biyan tsirkiyar da ta tsinke, wa ke biyan amfilifayar da janareta ya ƙona. Makaɗa kuma ku kai gyara tun farkon mako, ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka muna kira ga sarakunan dillalai da shugabannin layin kayan wuta su tsayar da ƙa'ida. Kowace rumfa mai sayar da bes ta ajiye ƙaramar amfilifaya da waya da batir don gwaji. Wanda bai iya kaɗawa ba ya kira makaɗi ya duba, a ba shi ɗan na goro, ya fi sauƙi a kan zuwa gaban alƙali. Rasit ya ɗauki suna da lamba da aibin da aka sani, da sunan wanda ya kawo kayan. A ba mai saye kwana 3, in ya ga ɓoyayyen aibi a wuya ko a wuta ya mayar a ba shi kuɗinsa, muddin bai kwance ko ya fasa ba. La'ada kuma a faɗe ta a fili, a san wa ke biya, kada a ci gaba a ci baya.

Ba mu ce wannan zai rage riba ba. Bes da aka gwada aka ba da shaidarta ta fi tsada, ta fi kuma saurin fita a kan wadda ke rataye tana shan ƙura ta zama kwantai. Allah ya ba mu ciniki mai albarka, ya kare mu daga hasara.