Wa ke sayen kan ungulu?

A da, wa zai ɓata lokacinsa wajen ɗaukar hoton ungulu? Kowace mahauta cike take da su, har kora ake yi. Yau masu kyamara sai sun yi dogon jira a daji kafin su samu.

Tun 2015 ungulun mahauta ta shiga jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. A 2020 an kashe sama da 2,000 da guba a Gini Bisau, da yawa an guntule musu kai saboda tsibbu. Ni dai mai saye nake zargi, kuma wani sa'in ɗan zangonmu ne.

Da Indiya ta rasa nata, karnuka suka gaji mushe, cutar haukan kare ta ƙaru. Sarakunan pawa, don Allah ku hana kama ungulu a mahautunku.