Hoton Wa Ya Cancanci Bangonmu?

Ya ku mutanen Farin Dutse, Gwaram da Birnin Kudu, ku saurara!

Akwai masu ƙawata bangon falo da na ofis da hoton Gwamna Lugga, ga gashin baki, ga lambobi a ƙirji. In an tambaye su sai su ce ai tarihi ne. To, ga tarihin.

A 1903 sojojinsa suka fasa ƙofar birnin Kano da igwa. Aka kama Sarki Alu, aka kai shi Yola, daga baya Lakwaja, can ya rasu a 1926. A 1906 suka kashe Sarkin Haɗeja Muhammadu a cikin garinsa, suka baje Satiru ta ƙasar Sakkwato. Sai ga harajin kuɗi da jangali, wanda bai biya ba a shanya shi a rana. Iyayenmu sun sha wannan wahala har 1979, da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su a tsohuwar Jihar Kano. Ƙuri'ar talaka ce ta yi wannan aiki.

Ku je Dutsen Habude a Birnin Kudu ku gani. Magabatan da suka yi zane a jikinsa shanu suka zana, dukiyar da ke ciyar da su. Ba su zana mai ƙwace ta ba.

Jama'a, wanda ke sha'awar hoton mai bulala, in ya hau kujera bulala zai ɗauka. Ranar zaɓe ku fito, maza da mata, ku hana shi kujerar!