Cokalin mai, kwanon wa zai shiga?



Ranar zubin da ta wuce, bayan an rufe akwati, wata ƴar ƙungiyarmu ta kawo maganar da ta tsai da mu har la'asar. Ta je likita da ciwon kai, anka auna ta, anka ce tana da hawan jini, kuma kitse ya yi yawa cikin jininta. Tun daga ranar ta kori mai daga gidanta. Miya ba mai, dambu ba mai, har kunun jikanta da anka kawo mata yaye. Babbarmu ta dube ta ta ce, "Haba Hajiya, ke anka ce ki rage, shi yaron mi ya yi?" Dariya munka yi, amma da munka bincika wajen ma'aikatan lafiya sai munka ga tambayar tana da tushe.

Bari mu bi mai daga baki mu ga inda yake zuwa. Duk wadda ta taɓa wanke kaskon suya ta san ruwa kaɗai ba ya fid da maiƙo, sai da sabulu. To jikinmu ma ruwa ne mafi yawansa, kuma yana da nasa sabulun. Hanta ke yin shi, matsarmama ke ajiye shi: wannan koren ruwa mai ɗaci da muke kaffa-kaffa da shi in muna gyaran kaza. Abinci mai maiƙo na shiga ƙaramin hanji, sai matsarmama ta matso ruwan nan, ya farfasa man ya zama ƙananan ɗigo. Wani ruwa daga wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi ya ƙara yayyanka shi, sannan hanji ya iya tsotsewa. Daga nan ma ba a sakin shi haka cikin jini. Sai an ƙunshe shi cikin wata riga ta furotin, kamar ƙullin leda, ya bi hanyoyin jiki. Inda ake aiki a ƙona shi, saura a kai ajiya ƙarƙashin fata da kewayen ciki.

Ajiyar nan ba aibi ba ce. Giram 1 na mai yana ba da kalori 9, giram 1 na garin hatsi ko sukari bai wuce 4 ba, shi ya sa jiki ya zaɓi kitse ya zama asusunsa. In mun ci mun ƙoshi, insulin ya ba da umurnin zubi. In muna azumi, ko muna daka tun asuba ciki ba komi, sai a buɗe akwati a ɗebo. Mai ciki tana tara kitse a ƙugu da cinya don goyon da ke tafe, kuma kusan rabin ƙarfin da jariri ke samu a nono daga maiƙonsa ne. Wata ta tambaya, in mutum ya rame ina kitsen ya tafi? Mu duka gumi munka zata. Ashe mafi yawansa ta numfashi yake fita bayan an ƙona shi, sauran ya zama ruwa.

Yanzu sai maganar yaro. Cikinsa bai fi ƙaramin kofi ba. Ki cika shi da koko tsararo, ya ƙoshi da ruwa, ƙarfi kaɗan ya samu. Ƙaramin cokali guda na man gyaɗa yana ƙara wajen kalori 40 ba tare da ya cika masa ciki ba. Waɗanda sunka ga shekarar 2005 a Maradi ba su manta da ledar gyaɗar nan ba, Plumpy'Nut, da ake ba yara masu tamowa. Giram 92 ce kacal, amma kalori 500 ke ciki, kuma sirrinta gyaɗa ce da mai da madara da sukari. Ita magani ce, ba ta kasuwa ba, ba ta manya ba. Amma ta nuna mana darajar abin da ke cikin rumbunmu.

Ga kuma bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi, da ƴan uwansa D, E da K: a cikin mai suke narkewa, ba a ruwa ba. Ki dafa zogale ko kabewa ko karas ba ɗigon mai, da yawan amfanin zai wuce bai shiga jiki ba. Iyayenmu da ke kwaɗa zogale da ƙuli-ƙuli ba su yi lakwal ba, amma sun yi daidai. Sai dai a tsince gyaɗa da kyau, wadda ta yi funfuna tana lalata hanta.

Hajiya fa? Ita da gaske sai ta rage. Abin da anka auna mata, kolestarol, hanta da kanta ke yin mafi yawansa, don jiki na bukatarsa. In ya yi yawa ne yake liƙewa a bangon jijiyoyin jini, hanya ta ƙuntata, zuciya ta sha wuya, wani lokaci har shanyewar ɓarin jiki. Kitsen nama, man shanu da man ja sun fi ɗaga shi, man gyaɗa da na riɗi sun fi sauƙi. Abin da bai yi mata daɗin ji ba shi ne, hanta tana iya mai da rarar tuwo da sukari kitse. Wato ta kori mai ta bar shayi mai sukari cokali huɗu, ɓarawo na nan cikin ɗaki.

Mu faɗa wa juna gaskiya: a gidajenmu da yawa, in an sauke tukunya, kwanon maigida ne ke shan maiƙon sama da man shanu, sai na baƙi, sai namu. Yaro da mai shayarwa su ke samun ƙasan miya. Wanda ya fi kusa da hawan jini shi muke tulawa, wanda ƙwaƙwalwarsa ke girma shi muke hanawa. Ba mu ce a yi faɗa da maigida ba. Wadda ke riƙe da ludayi ita ke rabo, kuma ba kowa ke ƙirga cokali ba.

Mun tashi da shawara guda biyu. Hajiya za ta riƙa ɗebar kunun jikanta daban, ta sa masa ƙaramin cokalin mai ko niƙaƙƙiyar gyaɗa, ita kuma ta ci gaba da shan maganinta, ta koma awo ranar da anka yanka mata. Masu suyar ƙosai da awara cikinmu kuma, ranar zubi mai zuwa kowace ta zo da lissafin sau nawa take maimaita mai kafin ta canza, da abin da canjin zai ci daga ribarta, mu ga ko akwatin ƙungiya zai iya sayo mana jarka guda mu raba.